Ɗanɗanon da Ba na Baki Ba: Nazarin Salon Maganar Ingilishi na "Good Taste"

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama ajin fassara ya san cewa ba manyan kalmomi ne suka fi ba ɗalibi wahala ba. Babbar kalma takan tilasta wa mutum ya dakata, ya buɗe ƙamus, ya nemi ma'ana. Ƙananan kalmomin yau da kullum, waɗanda ɗalibi yake ganin ya san su tun yana firamare, su ne sukan kayar da shi bai ankara ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar Ingilishi "taste". An koya wa kowa cewa ma'anarta ɗanɗano, kuma haka ɗin ne. To amma idan aka ba ɗalibi jimlar "She has good taste" ya fassara, shi kuwa ya rubuta "Tana da ɗanɗano mai daɗi", ya mai da mace abinci ke nan, kuma Bahaushen da ya ji jimlar yana iya ɗaukar ta da wata ma'ana wadda ba a faɗa a bainar jama'a. Alhali kuwa abin da Baturen yake nufi shi ne matar ta iya zaɓe, tana da idon gane abu mai kyau da wanda ya dace.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wannan salon magana dalla-dalla. Za a duba inda kalmar ta samo asali, da yadda ake gina jimla da ita, da hanyoyin da Hausa take bi ta isar da ma'anoninta. Daga nan za a waiwayi tambayoyi biyu da suke ɓoye a cikinta: shin ana koyon wannan baiwa ko haihuwar mutum ake yi da ita, kuma da ma'aunin wa ake auna ta? Abin da ake son tabbatarwa shi ne, Ingilishi ya ɗora hukuncin kyau da dacewa a kan harshen da yake cikin baki, Hausa kuwa ta rarraba shi tsakanin ido da iyawa da sanin ya kamata. Wanda bai lura da wannan bambanci ba fassararsa ba za ta zauna daidai ba.

2.0 Asalin Kalmar da Yaɗuwar Ma'anarta

Kalmar "taste" ba 'yar asalin Ingilishi ba ce. Ta shigo daga tsohon Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1066. A tsohon Faransanci aikatau ɗin "taster" yana nufin taɓawa ko lalubawa, kuma jikansa "tâter" yana ɗauke da wannan ma'ana har a Faransancin yau. Wajen shekarar 1300 kalmar ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi da ma'anar taɓa abu, ko gwada shi, ko sa shi a baki a ji yadda yake. Sannu a hankali ma'anar taɓawa ta dushe, ta baki ta zauna. A cikin ƙarni na 17 sai kalmar ta sami wata sabuwar ma'ana, watau basirar rarrabe mai kyau da maras kyau a sha'anin adabi, da zane, da kiɗa, da sutura.

Wannan sauyi bai tsaya ga Ingilishi kaɗai ba. A harshen Sifaniyanci akwai "buen gusto", wanda ake yawan danganta yaɗuwarsa da marubucin nan Baltasar Gracián, wanda ya rasu a 1658. Faransanci yana da "goût", Jamusanci kuma "Geschmack", kuma kowace daga cikinsu tana nufin ɗanɗanon abinci da kuma basirar zaɓe. Tun kafin su ma, a harshen Latin aikatau ɗin "sapere" ya haɗa ma'anar yin ɗanɗano da ta yin hikima.

Dalilin wannan siffantawa ba boyayye ba ne. Harshe yana yanke hukunci nan take, ba ya jiran hujja. Uwargida takan ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta san gishiri ya ji ko bai ji ba, ba tare da ta auna komai ba. Haka ake ɗaukar mai "good taste": da ya ga abu ya san ya yi ko bai yi ba, ko da kuwa ba zai iya zayyana dalili ba. Marubucin Ingila Joseph Addison ya yi wannan kwatance a jaridar The Spectator a shekarar 1712. Ya ba da labarin wani mutum da za a ba shi shayi iri goma ya kurɓa, sa'an nan ya faɗi irin wanda aka miƙo masa ba tare da ya ga launinsa ba. Addison ya ce haka gwanin karatu yake gane salon kowane marubuci.

Ɗalibin da ya yi karatun Larabci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kalmar Larabci "zauƙ" ita ma tana nufin ɗanɗano, tana kuma nufin basirar gane kyakkyawan zance a wurin malaman balaga, da ladabin mu'amala a maganar yau da kullum. A wurin sufaye kuwa, irin su Imamu Gazali wanda ya rasu a 1111, tana nufin sanin da mutum yake samu ta hanyar ɗanɗanawa da kansa, saɓanin wanda aka ba shi labari. Hausa ta ari kalmar ta zama "zauƙi", amma ta fi riƙe ɓangaren sufanci. Shi ya sa ba a cewa wane yana da zauƙi don ya iya zaɓen hula.

3.0 Yadda Ake Gina Jimla da Ita

Mafi yawan kurakuran da ake yi da wannan salon magana daga ƙananan haruffa suke tasowa. A dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) The soup has a good taste.
(b) Her mother has good taste.

Jimla ta farko tana magana ne a kan miya, watau miyar ta yi daɗi. Ta biyu kuwa tana cewa mahaifiyarta ta iya zaɓe. Abin da ya raba su shi ne harafin "a". Idan ana nufin basirar zaɓe, "taste" suna ne da ba a ƙirga shi, don haka ba ya karɓar wannan harafi. Da yake Hausa ba ta da harafi mai irin wannan aiki daidai wa daida, Bahaushe mai koyon Ingilishi yakan sa shi inda bai kamata ba. Wanda ya je gidan mutum ya ga an tsara falo da kyau, ya ce wa matar gida "You have a good taste", ya yi niyyar yabo amma ya faɗi wani abu dabam.

Abu na biyu shi ne harafin da yake biyo bayan kalmar, domin kowane ɗaya da ma'anar da yake jawowa:

(c) He has good taste in shoes.
(d) He has a taste for pepper.
(e) He had a taste of prison.

A jimla ta (c) harafin "in" yana nuna fagen da mutum ya iya zaɓe a cikinsa: ya iya zaɓen takalmi. Ana iya sa tufafi, ko littattafai, ko kiɗa, har ma da abokai a wannan gurbi. A jimla ta (d) harafin "for" yana nuna sha'awa kawai, watau mutum ne mai son barkono, kuma babu yabo ko zargi a ciki. A jimla ta (e) harafin "of" yana nuna an ɗan taɓa abu an ji yadda yake. A nan ne kaɗai Ingilishi da Hausa suka yi kicibis, domin Bahaushe ma yakan ce wane ya ɗanɗana zaman kurkuku, ko ya ɗanɗana talauci.

Abu na uku shi ne yankin jimlar da yake farawa da "in", kamar "in good taste", da "in bad taste", da "in poor taste". Waɗannan ba mutum suke siffantawa ba, aiki ko magana suke siffantawa. Idan aka ce "The joke was in poor taste", ana nufin barkwancin bai dace da wurin ko lokacin da aka yi shi ba, kamar wanda ya yi raha da sunan mamaci a zaman makoki.

Abu na huɗu shi ne siffofin da aka tsiro da su daga kalmar. "Tasty" ta abinci ce, watau mai daɗi. "Tasteful" ta ado ce da tsari, watau wanda aka yi daidai ba ƙari ba ragi. Don haka ana cewa "a tasty stew" da "a tasteful dress", ba a musanya su. "Tasteless" kuwa tana cin tudu biyu: idan miya ce, lami ce, idan magana ce, ta rashin kan gado ce, idan ado ne, na wanda bai iya ba ne.

Akwai kuma wasu 'yan'uwan wannan salon magana da ya kamata ɗalibi ya riƙe. "Not to my taste" hanya ce ta ƙin abu cikin ladabi, kamar a ce bai kwanta mini ba. "An acquired taste" shi ne abin da ba a jin daɗinsa sai an saba, kamar yadda yaro yake yamutsa fuska ranar da ya fara cin goro. "Add salt to taste", wanda ake gani a littattafan girki, yana nufin a sa gishiri gwargwadon yadda ake so. "Expensive tastes", da jam'i, ana faɗar sa ga mai son kayan tsada, kuma sau da yawa akwai ɗan zambo a ciki. "It left a bad taste in my mouth" kuwa yana nufin al'amarin ya wuce amma ya bar wa mutum ɗaci a rai.

4.0 Yadda Hausa Take Faɗar Wannan Ma'ana

Kada a ɗauka Hausa ba ta aron ɗanɗano ta siffanta wasu abubuwa da shi. Tana yi ƙwarai da gaske. Ana cewa zaƙin murya, da daɗin baki, da ɗacin rai. Ana cewa hira ta yi armashi, ko labari ya yi lami, ko mai ba da labari ya ƙara gishiri, ko dangantaka ta yi tsami. Amma idan aka lura za a ga cewa a duk waɗannan misalai ɗanɗanon yana jikin abin da ake magana a kai ne, watau muryar, ko hirar, ko labarin. Hausa ba ta ɗauke shi ta mai da shi baiwar mai hukunci ba. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda Ingilishi ya taka, Hausa ba ta taka ba, kuma a nan ne mai fassara yake tuntuɓe.

To, ina Hausa ta ajiye wannan baiwa? Ana iya cewa wurare uku.

Na farko shi ne ido. Idan mace ta shiga Kantin Kwari a Kano, ta duba atamfofi ɗari ta zaro guda ɗaya wadda kowa ya gani sai ya yaba, akan ce tana da ido. Haka ake faɗa wa mai sayen doki ko mai zaɓen hula. Wannan ya fi kowace fassara kusa da "good taste in" idan abin da ake zaɓa na gani ne.

Na biyu shi ne aikatau ɗin "iya". Inda Ingilishi yake amfani da suna ya ce mutum yana da abu kaza, Hausa ta fi son aikatau ta ce mutum ya iya abu kaza: ya iya zaɓe, ya iya sa kaya, ta iya kwalliya, ta iya jere, ta iya tsara ɗaki. Saboda haka jimlar "She has good taste in clothes" fassararta ita ce "Ta iya zaɓen tufafi" ko "Ta iya sa kaya". Akwai kuma sunaye irin su ɗan ƙwalisa da ɗan gaye, amma waɗannan sun fi karkata ga son ado da yawan yin sa, kuma mutum yana iya zama ɗan gaye bai iya haɗa launi ba.

Na uku shi ne sanin ya kamata, kuma nan ne mazaunin "in good taste" da "in bad taste". Maganar da Bature zai ce "in bad taste" take, Bahaushe zai ce ba ta dace ba, ko katoɓara ce, ko mai ita ba shi da ta-ido, ko bai san ya kamata ba. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halayen da Hausawa suke auna nagartar mutum da su, daga ciki har da hankali, da kunya, da ladabi, da mutunci. Waɗannan su ne suke aikin da "taste" yake yi a wannan fage. Misali, zolayar da taubashi zai yi wa taubashiyarsa kowa ya yi dariya, idan aka yi wa suruki ita ta zama abin kunya. Kalmomin ba su sake ba, wurin ne ya sake.

Akwai wani bambanci na al'ada da ya shafi yabo. Idan Bature ya ce wa abokinsa "You have good taste", ya tsallake rigar ya yabi mai rigar, amsar da ake sa rai kuwa godiya ce kawai. Wani lokaci ma raha ce: mutum yakan faɗa wa wanda ya yaba wa abin da shi ma yake so, watau dai ra'ayinmu ya zo ɗaya, don haka kai ma gwani ne. Bahaushe kuwa yakan haɗa yabon abu da "tubarkalla" ko "masha Allah", saboda gudun kambun baka. Mai fassara zance tsakanin mutum biyu a cikin labari ya kamata ya tuna da wannan, don maganar ta fito kamar daga bakin mutane ta fito.

Game da karin maganar nan ta Ingilishi, "There is no accounting for taste", wadda take nufin ba a iya bayyana dalilin da ya sa wani yake son abin da wani yake ƙi, Hausa tana da abin da ya yi daidai da ita: kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Dukkansu biyu akan faɗe su ne da ɗan murmushi, idan an ga zaɓen da ya ba da mamaki.

5.0 Shin Ana Koyon Sa?

Karin maganar da aka ambata yanzu ta jawo wata matsala. Idan kowa da abin da ya karɓe shi, da wane dalili za a ce zaɓen wani "good" ne, na wani kuma "bad"? Wannan tambaya ta daɗe tana cin ran masanan Turai, musamman a ƙarni na 18.

Wanda ya fi shahara wajen amsa ta shi ne David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotilan, a maƙalarsa Of the Standard of Taste ta shekarar 1757. Ya kawo wani labari daga littafin Don Quixote na Cervantes. An kira wasu mutum biyu su ɗanɗana giyar inabi da take cikin wata ganga. Na farko ya ce tana da kyau, sai dai ya ji ɗan ɗanɗanon fata. Na biyu ya ce tana da kyau, sai dai ya ji ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Jama'a suka yi musu dariya. Da aka juye gangar sai ga wani tsohon mabuɗi a ƙasa, ɗaure da tsinken fata. Abin da Hume yake son nunawa shi ne, akwai abin da yake cikin gangar da gaske, wanda wani harshe yake kamawa wani ba ya kamawa. Don haka ba duk hukunci ne yake daidai da ɗan'uwansa ba.

Hume ya lissafa abubuwa biyar da suke yin alƙalin ƙwarai a wannan fage: kaifin ji, da yawan yi, da gwama abu da ɗan'uwansa, da kawar da son zuciya, da hankali. Idan aka duba, mafi yawansu abubuwa ne da ake samu ta hanyar horo. Bahaushe ya riga ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ya kuma ce so hana ganin laifi. Yaron da ya tashi a rumfar masu sayar da shadda yakan kai matsayin da zai shafa yadi ya faɗi darajarsa, ba don an haife shi da wani yatsa na musamman ba, sai don dubban yadudduka sun bi ta hannunsa.

Immanuel Kant na Jamus, a littafinsa kan hukunci na shekarar 1790, ya ƙara wani bayani mai amfani ga ɗalibin harshe. Ya bambanta tsakanin mutum ya ce abu yana yi masa daɗi da ya ce abu yana da kyau. Wanda ya faɗi na farko kansa kawai yake wa magana, ba mai musa masa. Wanda ya faɗi na biyu yana neman kowa ya yarda da shi ne. Wannan shi ne bambancin "to my taste" da "good taste". Na farko ra'ayi ne, na biyu hukunci ne.

6.0 Da Ma'aunin Wa?

Duk inda aka ce hukunci, dole a tambayi wanda ya naɗa alƙalin. A Ingila, abin da ake kira "good taste" a suturar maza ya daɗe yana nufin taƙaitawa. Ana danganta wannan da George Brummell, wanda aka fi sani da Beau Brummell, abokin yariman da ya zama Sarki George na IV. A farkon ƙarni na 19 Brummell ya yi watsi da tufafi masu ƙyalli da launuka barkatai, ya koma ga kwat mai duhu wadda aka ɗinka daidai jiki, da farar riga tas, da ƙyallen wuya da aka ɗaura da kulawa. Manyan Landan suka bi sahunsa, kuma daga wannan tsari ne kwat ɗin zamani ya samo tushe. Shi kansa bashi ya kore shi zuwa Faransa a 1816, ya rasu a birnin Caen a 1840 cikin talauci, amma ma'auninsa ya zauna.

Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka auna babbar riga mai aska takwas, ko rawanin Ɗan Kura mai sheƙin baba, ko jeren ɗakin amarya, ko adon dawaki ranar hawan salla, za a ce duk sun yi yawa. Amma wannan kuskuren ma'auni ne, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana da ƙa'idojinsa, kuma masu abin sun san gwani sun san ɗan koyo. Sun san aikin allurar da ya zauna da wanda ya karkace, sun san hular da ta hau riga da wadda ba ta hau ba, sun kuma san lokacin da ado ya wuce gona da iri.

Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Pierre Bourdieu, ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa La Distinction na shekarar 1979. Ya dogara da binciken da aka yi wa mutum 1,217 a Faransa a shekarun 1960, inda aka tambaye su irin kiɗa, da zane, da abinci, da kayan ɗakin da suke so. Ya gano cewa zaɓen mutum yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zurfin karatunsa da irin gidan da ya fito, kuma masu hali sukan mai da nasu zaɓen ya zama shi ne ma'auni, su raina na talaka. Hausa ma ba ta kuɓuta daga wannan ba. Kalmomin da aka fi jifan wanda bai iya ado ba da su su ne ƙauyanci da gidadanci, kishiyarsu kuwa wayewa da zama ɗan birni. Ke nan an ɗora laifin a kan inda mutum ya fito.

Kalmar ta taɓa zama makamin mulki ma. A shekarar 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya takardarsa a kan ilmi, inda ya nemi a yi amfani da karatun Ingilishi a samar da wani rukunin mutane waɗanda jininsu da launinsu na Indiya ne, amma zaɓensu da ra'ayinsu da tunaninsu na Ingilishi ne. Kalmar da ya fara ambata a wannan jeri ita ce "taste". Ya kamata ɗalibin da yake karanta rubuce-rubucen Turawan wancan zamani a kan al'adun wasu al'ummu ya riƙa tuna wannan duk inda ya ci karo da kalmar, ya tambayi kansa ko bayani marubucin yake yi ko kuwa auna mutane yake da mudun garinsu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar "taste" ta taso daga taɓawa, ta koma ɗanɗanawa, ta ƙare a basirar zaɓe, da yadda ƙananan haruffa irin su "a", da "in", da "for", da "of" suke juya ma'anarta. An kuma ga cewa Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki wannan kaya duka, amma tana da hanyoyi uku da suka ishe ta. Saboda haka mai fassara, duk lokacin da ya haɗu da kalmar, sai ya fara tantance fagen da ake ciki. Idan abinci ne, ɗanɗano ko daɗi ya wadatar. Idan zaɓen kaya ne ko tsari, sai ya nemi ido ko iyawa. Idan magana ce ko hali, sai ya koma ga dacewa da sanin ya kamata. Bayan haka sai ya duba wanda yake maganar da wanda ake yi a kansa, domin jimlar da take yabo a bakin aboki tana iya zama raini a bakin wanda yake ganin ya fi.

Akwai sauran aiki a wannan fage ga masu sha'awar nazari. Ingilishi yana da wasu kalmomi na gaɓoɓin ji da suka yi irin wannan ƙaura, kamar "touch" da "sense", Hausa kuma tana da aikatau ɗin "ji" wanda ya haɗa sauraro, da shinshina, da ɗanɗanawa, da fahimta. Gwama waɗannan zai taimaka wa masu fassara da masu tsara ƙamus baki ɗaya.